Takalman Farauta da Hawan Tsauni Masu Tsada: Me Shaidar Masu Su Ke Nunawa?

Sharhin na yau ya shafi wani kaya da ake kashe wa kuɗi masu yawa a Turai da Amurka ta Arewa, wato manyan takalman farauta da na hawan tsauni, waɗanda farashinsu kan kama daga dala 300 zuwa 600, ya kuma zarce haka idan aka ɗinka wa mutum nasa da hannu bisa awon ƙafarsa. Takalma ne sau-ciki masu dogon wuya da ke rufe idon sawu, ana yin su da fatar shanu mai kauri, a kewaye gindinsu da roba don kada duwatsu su yanke fatar, sannan a sa musu ƙasa mai haƙora da ke kama turɓaya da tsakuwa. Duk wanda ya saurari masu irin waɗannan takalma zai lura da yadda shaidarsu ke cin karo da juna, domin takalmi iri ɗaya, daga kamfani ɗaya, wani zai ce ya yi shekara goma yana tsallaka tsaunuka da shi, wani kuma ya ce a ranar farko ya ɗaye masa dunduniya. Mafi yawan lokuta dukansu biyun gaskiya suka faɗa, sai dai shaidar tasu ta fi bayyana siffar ƙafarsu, da ƙasar da suke takawa, da irin kulawar da suke yi wa takalmin, fiye da yadda take bayyana takalmin kansa.

Cibiyar wannan sana'a tana gindin tsaunukan Alps. A arewa maso gabashin Italiya, yankin Montebelluna da Asolo na lardin Treviso ya daɗe da shahara da dukawan takalman tsauni, kuma a Asolo aka kafa kamfanin Scarpa a 1938, yayin da Zamberlan ya fara a 1929 kusa da Vicenza, La Sportiva kuma a 1928 a kwarin Fiemme. A jihar Bavaria ta Jamus akwai Meindl, wanda iyalin da ke riƙe da shi ke danganta sana'arsu da shekarar 1683 a garin Kirchanschöring, akwai kuma Hanwag da Lowa, waɗanda wasu 'yan uwa biyu, Hans Wagner da Lorenz Wagner, suka kafa a 1921 da 1923. Hatta wasu sunayen da mafarautan Amurka ke alfahari da su, irin su Kenetrek na garin Bozeman a jihar Montana, a Italiya ake ɗinka manyan takalmansu na tsauni. Amurka tana da nata gidan sana'ar a arewa maso yamma, inda masu saran katako da masu kashe gobarar daji suka raya kamfanoni kamar White's na Spokane da Danner, wanda aka kafa a 1932 ya kuma koma Portland a 1936.

Ƙasan roba mai haƙora da ake gani a kusan dukan waɗannan takalma ya samo asali ne daga wani mummunan haɗari. A 1935 mutum shida suka rasu a kan tsaunin Punta Rasica, lokacin da guguwa da sanyi suka rutsa da wata tawagar Italiyawa sanye da takalma marasa nauyi na hawan dutse, domin a wancan zamanin manyan takalman fata ƙusoshi ake kafa musu a ƙasa, ba sa kuma dacewa da hawan tsirarar fuskar dutse. Vitale Bramani, wanda ke cikin tafiyar, ya duƙufa neman ƙasan takalmi guda da zai yi aikin biyu, kuma a 1937, da taimakon kamfanin taya na Pirelli, ya fito da ƙirar da aka sa wa suna Carrarmato a ƙarƙashin tambarin Vibram. Da irin wannan ƙasa tawagar Italiya ta kai ƙololuwar tsaunin K2 a 1954. Duk da wannan tarihi, ƙorafin santsi bai ƙare a bakin masu takalman ba, kuma dalilinsa a bayyane yake ga masana roba: roba mai tauri tana jure goga a kan tsakuwa amma tana zamewa a kan jiƙaƙƙen dutse ko saiwar itace, roba mai laushi kuwa tana kama dutse sosai amma tana cinyewa da wuri. Tambari ɗaya ne a ƙasan takalman, haɗin robar ne ya bambanta, saboda haka mai yabon kamun takalminsa da mai kukan saurin cinyewarsa sau da yawa abu ɗaya suke bayyanawa ta fuska biyu.

Babban abin da ke raba masu yabo da masu suka shi ne zubin ƙafa. Kowane kamfani yana da wani gunki na itace ko na roba mai siffar ƙafar mutum, wanda ake ɗame fata a kansa har ta ɗauki siffarsa, kuma wannan gunki ne ke yanke hukuncin faɗin gaban takalmi, da zurfinsa a kan bayan ƙafa, da yadda yake riƙe dunduniya. Lamba 43 ta wani kamfani ba lallai ta zama 43 ta wani ba, kuma lambar tsawo kaɗai take faɗa, ba ta cewa komai game da faɗi. Masu saye sun daɗe suna cewa zubin Italiyawa ya fi matsewa, na Jamusawa ya fi sakin yatsu, magana ce da ke da ƙamshin gaskiya ko da yake kamfanoni da dama yanzu suna fitar da samfuri ɗaya a faɗi biyu ko uku. Idan dunduniya tana ɗagawa a cikin takalmi a kowane taku, gogayyar da zufa za su haifar da bororo kafin a yi nisa. Idan kuma gaban ya yi gajarta, yatsu za su riƙa dukan bangon takalmin a lokacin gangara, har farcen babban yatsa ya yi baƙi ya faɗi bayan makonni. Shi ya sa ƙwararrun masu sayarwa ke auna mutum da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da zai yi tafiya da ita, su bar tazarar kaurin yatsa a gaba, su kuma sa shi ya hau ya sauka a kan wani katako mai gangara da ke cikin shagon. Kuɗi ba ya sayen wannan dacewar, kuma wanda ya yi oda ta intanet bisa yabon wani, ya sayi abin da ya dace da ƙafar wancan ne.

Akwai kuma batun tauri, wanda masu sabon shiga ke ɗauka a matsayin aibi. A tsakanin tafin ƙafa da ƙasan takalmi ana shimfiɗa wani faranti na nailan ko makamancinsa mai hana takalmin lanƙwasa, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon taurin takalmin. Kamfanin Meindl yana kasa takalmansa daga rukunin A, na yawo a shimfiɗaɗɗiyar hanya, zuwa rukunin D, na ƙanƙara da manyan tsaunuka, a Birtaniya kuma ana amfani da ma'aunin B0 zuwa B3 don nuna wanda zai iya ɗaukar ƙarafan taka ƙanƙara. Mafaraucin da ke bin ragunan dawa a Alaska, ko babbar barewar nan da ake kira elk a tsaunukan Rocky, yana tafiya ne a karkace a gefen tudu na tsawon awoyi, idan kuma ya yi sa'a zai sauko da nama mai nauyin kilo talatin ko arba'in a bayansa, don haka yana bukatar takalmin da gefensa zai kafe a ƙasa ba tare da ya murɗe ba. Wannan takalmin, idan aka sa shi a miƙaƙƙiyar hanya, yana gajiyar da ƙafa yana kuma sa ciwon ƙwauri. Da yawa daga cikin ƙorafin da ake ji sun fito ne daga waɗanda suka sayi takalmin da ya fi ƙarfin tafiyarsu, saboda sun ɗauka mafi tsada shi ne mafi kyau ga kowa. Fata mai kaurin milimita biyu da rabi ko fiye tana kuma bukatar a hore ta da gajerun tafiye-tafiye na makonni kafin ta saki, kuma wanda ya tsallake wannan mataki ya tafi daji da sabon takalmi, shi ya jawo wa kansa.

Maganar hana ruwa shiga ita ce ta fi kowace tayar da jijiyar wuya. A 1969 Bob Gore ya gano cewa idan aka fizgi wani nau'in roba mai suna PTFE da sauri tana da zafi, tana miƙewa ta zama siririn mayafi mai ƙananan ƙofofi, waɗanda suka yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururi na iya ratsa su. Wannan ne Gore-Tex, kuma a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Danner ya fito da takalmin da aka ɗinka wa wannan mayafi a ciki da siffar safa. Masu takalman sun yarda cewa sabon mayafi yana aiki, amma shaidarsu ta kuma nuna iyakokinsa guda biyu. Na farko, mayafin yana tsagewa a inda takalmi ke lanƙwasa a gindin yatsu, ko inda yashi da tsakuwa suka shiga suna goga shi, ko inda farce ya huda shi, kuma wannan kan faru tun fata da ƙasan takalmin suna da sauran rai, ba a kuma iya sauya shi cikin sauƙi. Na biyu, tururin zufa yana fita ne idan cikin takalmi ya fi waje ɗumi da danshi, saboda haka a ranar zafi, ko idan fatar waje ta jiƙe sharkaf, zufar ba ta da hanyar fita, mutum ya cire takalmi ya ga safarsa a jiƙe ya rantse cewa ruwa ne ya shiga. Idan kuma ruwan ya zubo ta wuya lokacin tsallaka rafi, mayafin da ya hana shi shiga shi ne zai hana shi fita, takalmin ya kwana biyu bai bushe ba. Wannan ne ya sa wasu tsofaffin hannu har yanzu suka fi son takalmin da cikinsa fata ce zalla, suna shafa masa kakin zuma a waje, suna karɓar ɗan danshi a madadin takalmin da ke numfashi.

Abin da ya fi ba masu takalma mamaki, ya kuma fi ɓata musu rai, shi ne mutuwar takalmi a ajiye. Tsakanin ƙasan roba da jikin takalmi akwai wani sashe mai taushi da ke shanye dukan ƙasa, kuma ana yin sa da ɗayan abu biyu. Na farko shi ne soson EVA, marar nauyi, wanda ke lotsewa a hankali har ya daina dawowa. Na biyu shi ne foliyuritan, wanda ya fi nauyi ya kuma fi jure kaya, shi ne kuma aka fi sa wa takalma masu tsada. Sai dai foliyuritan yana da wata cuta da masana kimiyyar haɗa sinadarai ke kira haidirolisis, wato yadda danshin da ke cikin iska ke shiga jikinsa yana tsinka sarƙar sinadaran da suka haɗa shi, har ya koma gari ko ya yi danƙo. Wannan aiki yana farawa tun daga ranar da aka ƙera takalmin, ko an sa shi ko ba a sa ba, zafi da laima suna hanzarta shi, kuma kamfanonin da kansu suna gargaɗin cewa takalmin da ake sawa a kai a kai ya fi wanda aka adana daɗewa, domin matsawar da tafiya ke yi tana fitar da danshin daga cikin soson. Sakamakon haka, mutumin da ya fi tattalin takalminsa, ya goge shi ya mayar cikin kwali yana fito da shi mako ɗaya a shekara lokacin farauta, shi ne ya fi fuskantar haɗarin ƙasan ya ɓalle gaba ɗaya a tsakiyar daji bayan shekara bakwai ko goma, alhali haƙoran robar ko cinyewa ba su fara ba. Idan irin wannan mutum ya ce an cuce shi, yana da hujja ta fuska ɗaya, domin ba kasafai ake gaya wa mai saye wannan magana a shago ba, kuma kwalin ba ya ɗauke da ranar lalacewa kamar yadda magani ke ɗauke da ita.

A nan ne tsarin haɗa takalmi ke nuna amfaninsa, a nan ne kuma tsadar ke iya biyan kanta. Akwai takalman da ake ɗinke fatarsu da ƙasansu da zare, ko dai ta hanyar ɗinkin da ke ɗauke da sunan Goodyear, wanda injinsa ya bazu tun ƙarni na 19, ko ta ɗinki biyu na waje da ake dangantawa da Norway, ko ta juya bakin fatar waje a ɗinke shi a kan faranti kamar yadda dukawan Spokane ke yi. Irin waɗannan ana iya farke su a sa sabon ƙasa sau da yawa, har wasu kamfanonin su sake gina takalmin su bar wuyansa kawai. Mafi yawan takalman tsauni na zamani kuwa da gam ake manne su, kuma masu kyau daga cikinsu ana iya ɓamɓare ƙasan a manna sabo, aikin da Meindl da Lowa da Hanwag ke karɓa a masana'antunsu. Waɗanda aka zuba wa soson kai tsaye a jikin fata su ne gyaransu ke da wuya. Masu takalman da suka fi gamsuwa, idan aka bi bayanansu da kyau, su ne waɗanda suka sauya ƙasa sau ɗaya ko biyu, domin fatar da ta riga ta ɗauki siffar ƙafarsu ta fi musu sabon takalmi daraja. Su ne kuma ke wanke laka bayan kowace tafiya, su cire shimfiɗar ciki, su cusa takarda, su bar takalmin ya bushe a inuwa. Kusantar da jiƙaƙƙen takalmi ga wuta, abin da mai jin sanyi a sansanin farauta ke saurin yi, yana ƙona fata ta tsage yana kuma narkar da gam, kuma babu garantin da ke biyan wannan.

Garantin ma ya sauya fuska. Leon Leonwood Bean na garin Freeport a jihar Maine ya fara sayar da takalminsa na farauta mai gindin roba da wuyan fata a 1912, kuma daga cikin ɗari na farko an dawo masa da casa'in saboda ɗinkin ya rabu, ya mayar wa mutane kuɗinsu ya gyara ƙirar. A kan wannan amana kamfanin L.L. Bean ya gina sunansa na fiye da ƙarni guda, amma a 2018 ya taƙaita damar dawo da kaya zuwa shekara ɗaya, yana mai cewa wasu na dawo da kayan da suka tsufa don kansu, har da waɗanda aka saya a hannu na biyu. Kamfanin REI ya riga shi ɗaukar irin wannan mataki a 2013. Abin da garanti ke rufewa a yau shi ne kuskuren ƙira, ban da cinyewa da tsufa.

Akwai kuma masu ganin cewa duk wannan nauyi ba dole ba ne. Bincike a kan sojoji da masu ɗaukar kaya ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin jiki kusan ninki biyar na irinsa da ke baya, tunda ana ɗaga shi a kowane taku, kuma babban takalmin tsauni ƙafa biyu kan kusanci kilo biyu. Tun a 1955 Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachian ta Amurka mai tsawon fiye da kilomita 3,000 da takalman kambas, kuma a yau mafi yawan masu gama irin waɗannan dogayen hanyoyi da takalman gudu marasa wuya suke yi, suna sauya su bayan kowane kilomita 700 ko 800. Hujjarsu tana da ƙarfi a kan hanyar da aka share, da kaya marasa nauyi, a lokacin ɗumi. Tana raunana idan aka bar hanya aka shiga duwatsu masu kaifi da dusar ƙanƙara da kaya masu nauyi, inda mafarauta ke aikinsu. Ko a batun ɗumi ma akwai ruɗani, domin lambobin 200 ko 400 ko 1,000 da ake rubutawa a kan takalman sanyi nauyin abin ɗumamawa ne a kowace murabba'in mita, kuma wanda ya dace da mai zama a kan bishiya yana dakon barewa zai jiƙa mai hawan tudu da zufa, zufar kuma ta daskarar da ƙafarsa da zarar ya tsaya.

Wannan batu yana da hanyar da yake isowa ƙasar Hausa, wato kasuwar gwanjo. Takalman da aka ajiye shekaru a ɗakunan Turai suna biyo dilolin kayan hannu zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, inda mafarauta da 'yan sintiri da masu aikin gini ke ɗaukarsu da murna ganin fata mai kauri da haƙoran da ba su cinye ba. Irin waɗannan su ne ainihin waɗanda haidirolisis ya fi kamawa, kuma zafin rana da laimar damina suna ƙarasa abin da ajiya ta fara. Mai saye zai iya danna farcensa a sashen da ke tsakanin roba da fata, musamman wajen dunduniya, ya kuma lanƙwasa takalmin ya murɗa shi, idan ya ga tsaga, ko gari na zubowa, ko wurin ya yi danƙo, to ƙasan ya riga ya mutu ko da samansa na sheƙi. Idan fatar tana da kyau kuma farashin ya sauka, baduku ko shumeka mai hannu zai iya kankare ruɓaɓɓen soson ya sa sabon ƙasa ya ɗinke. Mayafin hana ruwa da abin ɗumamawa kuwa, waɗanda suka ɗaga farashin takalmin a ƙasarsa ta asali, ba su da amfani sosai a dajin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara. Abin da ke da amfani a nan shi ne kaurin fata da tsawon wuya, saboda ƙaya da kuma macizai irin su kububuwa, wadda saranta ya fi aukuwa a ƙafa da idon sawu, kuma ita ce ke cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe a lokacin noma da girbi.